GEORGE MÜLLER (1805–1898): MUTUMIN DA YA KAI ROƘONSA GA ALLAH KAƊAI

Gabatarwa

Roƙo abu ne mai nauyi a bakin ɗan'adam. Wani kunya kan hana shi faɗin bukatarsa har ya tagayyara, wani kuwa yakan yi ta bin ƙofofin mutane har girmansa ya zube. Wannan taƙaitaccen tarihi na wani malamin addinin Kirista ne, George Müller, wanda ya bi wata hanya dabam. Bai ji nauyin roƙon kome ba, komai girmansa, amma wurin Allah kaɗai yake kai roƙon. A kan wannan ƙa'ida ya riƙe marayu fiye da 10,000 a birnin Biristol na ƙasar Ingila.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Müller a cikin shekarar 1805 a garin Kroppenstedt, wanda yanzu yake cikin ƙasar Jamus. Mahaifinsa ma'aikacin haraji ne. Yaron ya tashi da ɗauke-ɗauke da caca da shaye-shaye, har yakan sa hannu cikin kuɗin gwamnati da ke wurin mahaifinsa. Yana da shekara 16 aka ɗaure shi na 'yan makonni saboda ya sauka a masauki ya tsere bai biya ba. A 1825 ya shiga Jami'ar Halle domin karatun addini, kuma a ƙarshen wannan shekara wani abokinsa ya kai shi taron addu'a a wani gida, inda ya tuba. A Halle ne kuma ya ga babban gidan marayun da August Hermann Francke ya kafa tun ƙarshen ƙarni na 17, har ya ɗan zauna a cikinsa. Abin da ya gani bai fita daga ransa ba.

Ƙa'idar da ya Ɗaukar wa Kansa

A 1829 ya tafi Landan, daga nan ya zama fasto a wani ƙaramin gari mai suna Teignmouth. A 1830 ya auri Mary Groves. A shekarar nan ce shi da matarsa suka yanke shawarar da ta zama tushen rayuwarsu. Ya ajiye albashinsa, domin kuwa daga kuɗin hayar kujerun majami'a ake biyansa, shi ko yana ganin wannan tsari na fifita mai kuɗi a kan talaka. Daɗin daɗawa, ya ƙudura cewa ba zai ci bashi ba, ba kuwa zai gaya wa wani mahaluki bukatarsa don a ba shi ba.

A 1832 ya koma Biristol tare da abokin aikinsa Henry Craik, a daidai lokacin da annobar kwalara ta auka wa garin. A zamanin nan maraya matalauci ba shi da makoma sai titi ko gidan gajiyayyu na hukuma, inda ake aikin wahala.

Gidajen Marayu

A watan Disamba na 1835, bayan ya karanta Zabura ta 81, Müller ya roƙi abu uku takamaimai, watau gida, da fam 1,000, da ma'aikata nagari. Kyautar farko da ta shigo sule ɗaya ce tak. Sannu a hankali kuɗi da kayan ɗaki da ma'aikata suka samu. Amma ranar da aka buɗe karɓar sunaye ba wanda ya kawo ko da yaro guda. Nan ya farga cewa ya roƙi kome da kome, bai roƙi marayun kansu ba, don ya ɗauka zuwansu tilas ne. Ya koma ga addu'a, kashegari aka kawo sunan farko. A watan Afrilu na 1836 aka buɗe gidan a titin Wilson, mai ɗaukar 'yan mata 30.

Daga 1838 aka shiga shekarun matsi. Sau da yawa akan wayi gari ba kuɗin abincin rana. A irin wannan hali yakan tara ma'aikatansa su yi addu'a, su sayar da abin da ba lalle ba ne, wasunsu ma su ba da ɗan abin hannunsu. Bisa ga littattafan da ya bari, ba a taɓa sa yaran kwana da yunwa ba.

Da maƙwabta suka koka da hayaniyar yara a 1845, sai ya shiga neman fili a bayan gari. A 1846 ya sami eka bakwai a Ashley Down, inda mai filin ya rage masa kuɗin kowace eka daga fam 200 zuwa 120. Bai aza tubali ba sai da kuɗin ginin suka taru. An buɗe gidan farko a 1849, mai ɗaukar yara 300. Kafin ƙarshen 1870 gidajen sun kai biyar, masu ɗaukar yara wajen 2,000. Ana koya musu karatu da sana'a, kana a nema musu wurin aiki in sun girma.

Sukar da aka yi Masa

Ba a bar shi ba suka ba. Müller yakan buga rahoto a kan kuɗin da suka shigo da yadda aka kashe su, tare da labarin amsar addu'o'insa. Masu suka suka ce ai wannan ma bara ce, sai dai an yi mata lulluɓi. Maganar tana da kama, don ba shakka rahotannin sun motsa zukatan masu bayarwa. Shi kuwa amsarsa ita ce, wajibi ne mai riƙon amanar jama'a ya ba da lissafi. Har ila yau, a ƙarshen 1841, sa'ad da talauci ya yi tsanani, ya jinkirta taron shekara da rahoton da gangan, don kada a ce kukan neman taimako yake yi. Wannan jinkiri kasada ce babba, domin abincin yara masu yawa ne ya rataya a kai.

Ƙarshen Rayuwarsa

Samun biyan bukata bai raba shi da jarrabawa ba. Ɗansa ya rasu yana jariri a 1835, matarsa Mary a 1870, 'yarsa Lydia a 1890. Daga 1875 zuwa 1892 ya zaga ƙasashe 42 yana wa'azi. Ya rasu ran 10 ga Maris, 1898, yana da shekara 92. Kuɗin da suka bi ta hannunsa sun kusa fam miliyan ɗaya da rabi, amma abin da ya bari na kansa bai kai fam 200 ba.

Kammalawa

Ƙarfin halin Müller wajen roƙo ba na ɗaga murya ba ne. Yakan fara auna bukatar, ya tabbata ba ta son zuciya ba ce, sa'an nan ya ambace ta da sunanta da adadinta, ya nace, ya kuma rubuta ranar da aka amsa. Bai kuwa naɗe hannu ba, aiki yake yi, yana tattalin kowane kwabo. Mai nema yana tare da samu, in ji Hausawa. Müller ya nemi abin da yake bukata dalla-dalla, ya kuma ba da lissafin abin da ya samu.