Littafi Cikin Matashin Kai

Ya mai karatu, ko ka taɓa yin shuka, ka jira damina 6 ba ka ga tsiro ba? Haka ya faru da Adoniram Judson da matarsa Ann.

Mutanen Amurka ne. Suka yi aure a 1812, suka bar dangi domin bishara, suka sauka Rangun ta ƙasar Bama, wadda ake kira Miyanma yanzu, a 1813. Kowace rana suna fama da koyon harshe, ga zafi, ga zazzaɓi. Ɗansu Roja ya rasu yana da wata 8. Sai a 1819 aka yi wa mutum na fari baftisma.

A 1824 yaƙi ya tashi tsakanin Bama da Ingila. Aka ce Judson ɗan leƙen asiri ne, aka sa masa sarƙa a kurkukun Ava. Ann, da juna biyu, tana kai masa abinci, tana roƙon manyan gari. Sabon Alkawari da ya juya cikin harshen Bama kuwa, ta ɗinke shi cikin matashin kai don kada ya salwanta. Aka sake shi, amma wahala ta riga ta cinye Ann. Ta rasu a 1826, ƴarsu Mariya ta bi ta bayan wata 6.

Judson bai koma gida a lokacin ba. Ya gama juya dukan Littafi Mai Tsarki a 1834, ya rasu a kan teku a 1850. Har yau Kiristocin ƙasar suna karanta shi.

Ɗan'uwa, Maganar Allah ta iso gare ka da tsada. Me za ka yi da ita?