Frank Lloyd Wright: Tsohon Da Bai Ga Gininsa Ba

A duk lokacin da na ga hoton sakatariyar gundumar Marin ta Jihar Kalifoniya a Amurka, abin da ke fara zo mini a rai shi ne shekarun wanda ya zana ta. Frank Lloyd Wright yana da shekara 90 a duniya sa'ad da aka ba shi aikin a 1957, shekarun da galibin mutane sun daɗe da ajiye alƙalami.

An haife shi a 1867 a Jihar Wiskonsin. Ya shiga jami'a amma bai kammala ba, ya tafi Shikago ya koyi sana'ar zanen gine-gine a hannun Louis Sullivan, suka rabu baram-baram a 1893. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, mutumin yana da girman kai, ga cin bashi. A 1909 ya bar matarsa da 'ya'ya shida ya bi matar wani da ya taɓa zana wa gida. A 1914 kuma wani baransa ya cinna wa gidansa na Taliesin wuta, ya kashe mutum bakwai, har da matar nan da 'ya'yanta biyu. Mutane da dama sun ɗauka ya gama yawo. Amma ina! Otal ɗin da ya zana a Tokyo ya tsira daga girgizar ƙasar 1923, sannan a 1935 ya zana gidan Fallingwater a bisa ruwa mai gangarowa.

Duk da wannan suna, hukumomin ƙasarsa sun daɗe suna gudunsa. Wata 'yar majalisar gundumar Marin, Vera Schultz, ita ta tsaya kai da fata sai an ba shi aikin. Nan take 'yan adawa suka zarge shi da son kwaminisanci, wanda a Amurkar wancan zamani ya isa ya kashe wa mutum kasuwa. Zargin bai yi tasiri ba.

Filin da aka ba shi a San Rafael tuddai ne. Wani zai kawo katafila ya baje su. Shi kuwa sai ya bar su yadda Allah Ya yi su, ya shimfiɗa dogayen gine-gine biyu daga tudu zuwa tudu a kan bakan gizo, motoci na bi ta ƙarƙashi. Tsakiyar ginin fili ne mai shuke-shuke, haske na sauka daga sama, ofisoshi na kallon juna. Inda fikafikan biyu suka haɗu ya ɗora ƙubba, gefenta hasumiya mai ruwan zinariya, tsawonta ƙafa 172. Abin da ya fi burge ni shi ne, a ƙarƙashin ƙubbar nan ɗakin karatu na jama'a ya sa. A ganina, a nan ne ya nuna wa masu mulki ko su wane ne masu ginin, wato talakan da ya zo neman takardar haihuwa ko biyan haraji.

Wright ya rasu a watan Afrilun 1959, ko tushe ba a haƙa ba. Almajiransa, irin su Aaron Green, suka ɗauki aikin a 1960. A farkon 1961 sabuwar majalisa ta tsayar da shi, har ana batun mai da ginin asibiti, sai da jama'ar gunduma suka yi caa sannan aka janye umarnin. An buɗe sashen mulki a 1962, sashen kotuna ya biyo baya bayan kusan shekara takwas.

Shi dai rufi mai ruwan zinariya ya so, amma ba a sami fentin da zai jure rana da ruwa ba. Matarsa Olgivanna ce ta zaɓi shuɗi, kuma da wannan shuɗin rufi aka san ginin har yau.