Muhammadu Durugu, Babban Gwanin Magina

A cikin birnin Zariya akwai wata tsohuwar unguwa da ake kira Babban Gwani. Unguwannin biranen Hausa sukan ci sunan wani basarake, ko wani malami, ko wata sana'a. Ita kuwa wannan laƙabin wani magini ta ci, wato Muhammadu Durugu, wanda wasu littattafai ke kira Malam Mika'ilu. A Hausa, gwani shi ne wanda ya ƙware a kan abin da yake yi har ya wuce tsara. Babban gwani kuwa shi ne wanda sauran gwanaye suka sallama wa. Muhammadu Durugu ya rayu a ƙarni na 19, kuma shi ne ya gina tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda masana ke lissafawa cikin gine-ginen ƙasa mafi ƙayatarwa a Afirka ta Yamma.

Zamaninsa

Ya tashi a lokacin da ƙasar Hausa take cikin babban sauyi. A shekarar 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara jihadi, kuma a 1808 Malam Musa ya ci Zazzau, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa. Sababbin sarakunan malamai ne, saboda haka masallacin Juma'a da ɗakin shari'a suna daga cikin abubuwan da suka fi ba muhimmanci. Suna kuma bukatar fadoji da soraye inda za su karɓi baƙi su yi zaman fada. Wannan ya buɗe wa magina ƙofar aiki. Bayan Malam Musa da Yamusa, sai Abdulkarim ya hau gadon sarautar Zazzau, ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. A zamaninsa ne aka ɗora wa Muhammadu Durugu aikin masallacin.

Gini a ƙasar Hausa sana'ar gado ce. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da kwaɓa ƙasa. In ya tasa sai ya koyi yin tubali, wato curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai wanda ake shanyawa a rana. Daga nan sai ya riƙa jefa wa magini tubali, shi kuwa maginin yana zaune bisa katanga yana caɓewa yana jerawa. Sai an daɗe kafin a bar shi ya hau katanga da kansa, kuma rufi shi ne abu na ƙarshe da ake sakar masa. Da rani ake yin gini, bayan an gama aikin gona, domin ƙasa ta samu ta bushe kafin ruwa ya sauko. Kowane babban gari yana da Sarkin Magina, wanda yake raba aikin sarki ga 'yan sana'a. A cikin wannan tsari ne Muhammadu Durugu ya yi fice.

Ƙasa da azara

Kafin a gane gwanintarsa, sai an san kayan da ke hannunsa. Alhazan ƙasar Hausa da suka isa Jidda a wancan ƙarni sun tarar da dogayen benaye na dutsen murjani, wanda ake haƙowa a gaɓar Bahar Maliya. An ƙawata fuskokin gidajen da tagogin katako masu turowa waje, waɗanda Larabawa ke kira rawashin. Gidan Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881, yana daga cikin sanannunsu. Jidda tashar jiragen ruwa ce, shi ya sa ake kawo mata katako mai kyau daga ƙasashe masu nisa. Zariya kuwa tana tsakiyar tudu, nesa da teku. Abin da magininta yake da shi shi ne jar ƙasa, da ciyawa, da igiya, da azara.

Azara ita ce gangar giginya da aka tsattsaga. Tana da ƙarfi, kuma gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma tana da iyaka: in aka shimfiɗa ta tsakanin bango biyu aka ɗora mata ƙasa, ba ta iya ɗaukar nauyi idan tazarar ta wuce kimanin mita 2. Ɗakin kwana ba ya rasa yadda za a yi da shi. To, amma yaya za a rufe wurin da ɗaruruwan mutane za su yi sahu, ba tare da an cika shi da ginshiƙai har masallata su rasa wurin tsayawa ba?

Maginan Hausa sun warware wannan matsala da abin da suke kira bakan gizo. Ana kafa azara a cikin bango tun yana tashi, a karkatar da kanta zuwa tsakiyar ɗaki. Sai a ɗaura wata a kanta da igiya, ta ɗan ƙara turowa, a lulluɓe su da ƙasa, a jira su bushe. Haka za a yi ta yi daki-daki daga ɓangarori biyu, har hannuwan su haɗu a sama su zama baka. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiyar rufi, shi ake kira ɗaurin guga, don ya yi kama da yadda ake ɗaure bakin gugan rijiya. Bakunan sun raba rufin zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi bai fi ƙarfin azara ba. A kansu ake jera azara a yi tulluwa, wato rufi mai tudu wanda ruwa ke gangarewa daga kansa zuwa indararo. Muhammadu Durugu ya gaji wannan dabara daga magabata, amma ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba.

Masallacin Zariya

An gina masallacin kusa da fadar Sarkin Zazzau, a cikin haraba mai katanga. A wancan lokaci akwai zauruka a ƙofofin shiga inda ake alwala, akwai kuma ɗakin shari'a haɗe da ginin. Babban ɗakin salla ya kai kimanin mita 20 a faɗi da mita 23 a tsawo, an rufe shi da tulluwa shida. A yadda aka gina shi tun asali, daga waje ginin ba shi da wani ado mai yawa. Sai mutum ya shiga, idonsa ya saba da inuwar wurin, sannan zai ga manyan ginshiƙai sun tashi daga ƙasa, bakuna sun fito daga jikinsu kamar rassan itace, sun tanƙwara sun haɗu a sama.

A nan ne salon Babban Gwani ya bayyana. Bai ɓoye abin da yake riƙe da rufin ba, sai ma ya fito da shi fili ya mai da shi kwalliyar ɗakin. An tsaga jikin bakuna da layuka masu bin tsawonsu, yadda ido zai bi su daga ƙasa har ƙololuwa. A jikin ginshiƙai an yi zane mai zurfi tun yaɓe yana ɗanye: dogayen layuka a tsaye, da da'irori, da siffofi masu kusurwa uku. Babu hoton mutum ko na dabba, kamar yadda ya dace da masallaci. Azarar da ke tsakanin bakuna ma an jera ta cikin tsari, ta zama abin kallo ga wanda ya ɗaga kai. Da yake tagogi ƙanana ne, ɗan hasken da ke shigowa yakan kwanta a gefen zanen, inuwa ta cika ramukansa, sai adon ya fito ba tare da an shafa masa launi mai yawa ba.

Wannan ya bambanta da abin da baƙo yakan fara gani a Zariya da Kano, wato fuskokin gidaje masu zanen dagi da launuka iri-iri, wani lokaci har da hoton keke ko mota. Irin wannan ado na waje a ƙarni na 20 ya yaɗu, lokacin da 'yan kasuwa suka samu kuɗi kuma siminti da fenti suka shigo. A zamanin Babban Gwani, cikin soro aka fi ƙawatawa, inda mai gida ke zama da baƙinsa.

Labaran baka

Aikin ya ba mutane mamaki har suka riƙa ba da labarai a kansa. An ce sarki ya ba shi bayi ɗari masu kwaɓa ƙasa da yin tubali da rana, shi kuwa sai dare ya raba yake hawa katanga shi kaɗai, gari ya waye a ga gini ya tashi. Wasu sun ce yana yin haka ne don kada a saci sirrin sana'arsa. Irin waɗannan labarai suna nuna matsayin da Hausawa suka ba gwani, domin a wurinsu ƙwarewar da ta kai haka baiwa ce daga Allah.

Sunansa ya wuce Zazzau. Sarakuna suka riƙa aikowa a kai musu shi, kuma ana danganta masa wasu soraye a fadar Kano da ta Bauchi. A Kafin Madaki, arewa da garin Bauchi, ya gina wa Madakin Bauchi gida wajen shekarar 1860. Mutanen garin suna kiran soron da sunan Babban Gwani, kuma a 1956 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa.

Sai dai maginin da sarakuna ke rububinsa yana cikin haɗari, domin kowane sarki so yake a ce nasa ginin ya fi na kowa. Labarin da aka fi bayarwa game da ƙarshensa shi ne, Sarkin Birnin Gwari ya kira shi ya gina masa masallaci. Da aiki ya kammala, sarkin ya ga kyansa, sai ya sa aka kashe maginin don kada ya je wani gari ya gina wanda ya fi shi. Bisa wannan ruwaya, gwanintar da ta ɗaukaka shi ita ce ta yi sanadin ajalinsa.

Bayan rasuwarsa

Zuriyarsa sun ci gaba da sana'ar a Zariya, suka riƙe sarautar Sarkin Magina, suna yi wa masallacin gyara. Ginin ƙasa yana bukatar haka, domin kowace damina tana cin jikinsa. Dole a riƙa sabunta yaɓe, a shafe rufi da laso, a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Muddin ana yin wannan, ginin yakan yi shekaru aru-aru.

A ƙarni na 20 masana suka mai da hankali ga aikinsa. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya auna masallacin ya zana taswirarsa, kuma da ita aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. J. C. Moughtin, Baturen Ingila, ya yi dogon bayani a kansa a littafinsa kan gine-ginen Hausa na 1985. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti wanda ya lulluɓe tsohon ɗakin salla, wasu sassan harabar kuma suka salwanta. Ranar Juma'a, 11 ga Agusta 2023, wani ɓangare na masallacin ya rufta kan masallata ana cikin sallar La'asar, mutum aƙalla bakwai suka rasu. A lokacin ginin ya doshi shekara 190.

Muhammadu Durugu bai bar littafi ko taswira ba. Abin da aka sani game da tunaninsa, daga jikin gine-ginensa aka karanto shi. Ya karɓi ƙasar da kowa yake takawa da azarar da ba ta wuce mita 2 ba, ya yi nazarin iyakarsu, ya fitar da salonsa daga cikin wannan iyaka. Ɗaliban zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun daɗe suna nazarin bakunansa, kuma ana ganin siffar bakan gizo a wasu sababbin masallatai da fadoji na Arewa, ko da yake da siminti da ƙarfe aka zuba su. Allah ya jiƙan Babban Gwani.