Jak Kusto, mutumin da ya leƙa ƙarƙashin teku

Daga Karofane zuwa bakin teku akwai tafiya ta sama da kilomita 800. Amma yaron da ya kai awaki bisa duwatsun Adar yakan tsinci katantanwa wadda ta zama dutse. Me ya kawo ta nan? Masana sun gano cewa shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce, ƙasar Buza da Keita da Madawa duk tana ƙarƙashin teku. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza ma, a gindin wannan teku ya taru. Ga labarin wani mutum wanda ya ƙare rayuwarsa yana binciken tekun da ya rage.

Sunansa Jak Kusto. An haife shi ran 11 ga watan Yuni na 1910, a wani ƙaramin gari kusa da Bordo, cikin ƙasar Faransa. A 1930 ya shiga makarantar sojan ruwa. Babban gurinsa shi ne ya tuƙa jirgin sama. Amma ya yi mugun haɗari da mota, hannuwansa suka karye. Shi ke nan, zancen jirgin sama ya mutu.

Don hannuwan su yi ƙarfi, sai ya riƙa iyo kullum a bakin tekun Tulon. Wata rana wani abokinsa ya ara masa tabarau na shiga ruwa. Da ya nutsa kansa, ya ga kifaye da ciyayi da duwatsu sarai, kamar a tudu. Tun daga ranar hankalinsa ya koma ƙarƙashin ruwa.

Sai dai mutum ba kifi ba ne. Numfashinsa ba ya jimawa. A lokacin, mai son ya daɗe cikin ruwa sai ya sa wata hular ƙarfe mai nauyi da takalman darma. Ana haɗa shi da jirgi da dogon tiyo, wasu suna tura masa iska daga sama. Yana nan ɗaure kamar akuya a turke. A 1943 Kusto da wani injiniya mai suna Emil Ganyan suka ƙera wata na'ura. Mutum yana goya kwalaben ƙarfe cike da iska, ya riƙe bakin tiyo da haƙora. Dabarar tana ga wani ɗan marfi: in mutum ya ja numfashi ya buɗe, in ya daina ya rufe. Kuma yana ba da iskar daidai da nauyin ruwan da ke danne mutum. Da wannan na'ura mai nutso ya samu kansa, yana zuwa inda ya ga dama.

A 1950 wani attajiri ya sayi tsohon jirgin yaƙi, ya ba Kusto haya tamma guda a shekara. Sunan jirgin Kalipso. Da shi ya shiga Bahar Rum da Bahar Maliya da tekun Indiya, tare da masana da masu ɗaukar hoto. Matarsa Simon ta maida jirgin gidanta. A 1956 ya fito da silima mai suna Duniyar Shiru, ta ci babbar kyauta a birnin Kan. Mutane da yawa a nan suka fara ganin launin ƙarƙashin teku.

Amma akwai abin kunya cikin silimar. An ga mutanen jirgin sun sa nakiya cikin murjani, dangin wanda mata ke ratayawa a wuya, don su ƙirga kifayen da suka mutu. An gan su suna kashe manyan kifayen da ake kira shak, ba don ci ba. A lokacin kaɗan ne suka ga laifin haka. Ana tsammani teku ba ta ƙarewa, kamar yadda a da aka yi tsammani itacen daji ba ya ƙarewa. Kusto ya yi ta komawa wuraren da ya saba nutso. Shekara bayan shekara ya ga kifi yana raguwa, ruwa yana ƙazanta. Idonsa ne ya canza masa tunani.

A 1957 aka ba shi shugabancin gidan tarihin teku na Monako. A 1960 hukumar Faransa ta shirya zubar da sharar nukiliya mai guba cikin Bahar Rum. Kusto, wanda tsohon hafsan sojan ƙasar ne, ya fito fili ya ce bai yarda ba. Mutanen bakin teku suka tashi tsaye, har aka fasa. A 1973 ya kafa ƙungiya don kare teku. Ta talabijin kuma ya zama malamin yara na ƙasashe da yawa. Kowa ya san shi da ƴar jar hularsa.

Aikin bai bar shi ba hawaye ba. A 1979 ɗansa Filip, wanda yake sa ran zai gaje shi, ya mutu cikin haɗarin jirgin sama kusa da Lisbon.

Ko da ya tsufa bai zauna ba. A can ƙarshen kudu akwai Antartika, ƙasar ƙanƙara, inda wasu ƙasashe suka so su haƙi ma'adinai. A 1990, yana da shekara kusan 80, ya ɗauki yara 6 daga nahiyoyi dabam-dabam ya kai su can, don manya su tuna da masu zuwa. Ya bi shugabanni yana roƙo. A 1991 aka sa hannu a Madrid bisa yarjejeniyar da ta hana haƙar.

Kalipso ya nutse a tashar Singafo a 1996, bayan wani jirgi ya buge shi. Kusto ya rasu a Paris ran 25 ga watan Yuni na 1997, yana da shekara 87. An rufe shi a garin da aka haife shi.