Charles Pedersen: Ma'aikacin da ya tsinci lambar Nobel a cikin gurɓin da ake zubarwa

A watan Oktoba na 1987 aka sanar da mutum uku da suka lashe lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai. Biyu daga cikinsu manyan malaman jami'a ne, Donald Cram na Amurka da Jean-Marie Lehn na Faransa. Na ukun kuwa dattijo ne mai shekara 83, ba shi da digirin digirgir, kuma ya shekara 18 da yin ritaya daga kamfanin da ya yi wa aiki tun yana saurayi. Sunansa Charles Pedersen, kuma a kan harsashin da ya aza sauran biyun suka yi gini.

An haife shi ranar 3 ga Oktoba, 1904, a garin Busan da ke gaɓar teku a kudancin Koriya. Mahaifinsa, Brede Pedersen, ɗan ƙasar Norwe ne, injiniyan jirgin ruwa da ya koma aiki a mahaƙar zinariya ta Unsan da ke arewacin ƙasar. Mahaifiyarsa, Takino Yasui, 'yar Japan ce. Yana da shekara 8 aka kai shi makaranta a Nagasaki, bayan shekara biyu kuma aka mayar da shi Yokohama, inda ya fara ɗanɗana darasin sinadarai. A 1922 ya tsallaka zuwa Amurka ya shiga Jami'ar Dayton da ke jihar Ohayo, daga nan ya zarce MIT ya yi digiri na biyu. Malamansa sun so ya ci gaba har ya zama dokta, amma ya ƙi, domin ya gaji da zama a kan aljihun mahaifinsa. A 1927 ya kama aiki a kamfanin DuPont, bai kuma sauya sheƙa ba har tsawon shekara 42.

Mafi yawan waɗannan shekaru ya ƙarar da su ne a kan batun sinadarai masu zaburarwa. Mai zaburarwa shi ne abin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ko rugujewarsu, alhali shi kansa ba ya ƙarewa, tamkar dillalin da ke haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuma ya koma gefe yana jiran na gaba. Da irinsu matatun mai ke farfasa ɗanyen mai, da su kuma ake haɗa takin zamani. Sai dai akwai dillalin ɓarna. Ɗan ɓurɓushin tagulla da ido ba ya iya gani, in ya shiga fetur, yakan sa iska ta lalata man da wuri, ya yi danƙo ya toshe inji. Pedersen ya samar da sinadaran da ke narkewa cikin mai, su rungume ƙwayar tagullar su hana ta aiki. Ya kuma yi bincike kan kare roba daga lalacewa. Gaskiya ce kuma cewa yana cikin waɗanda suka inganta hanyar haɗa sinadarin darma da ake zubawa a fetur, wanda daga baya aka tabbatar guba ne ga ƙwaƙwalwar yara, sai a 2021 duniya ta gama rabuwa da shi a man motoci.

A 1947 kamfanin ya ɗaga shi zuwa matsayi mafi girma da mai bincike ke iya kaiwa a wancan lokaci, wanda ya ba shi damar zaɓen abin da zai bincika da kansa. Wannan 'yanci ne ya yi masa rana. A 1960 ya koma kan ƙarfen banadiyam, yana son sanin yadda sinadaran da ke kewaye ƙwayarsa ke sauya ƙarfinsa na zaburarwa. Don haka ya shiga haɗa wani sinadari da zai riƙe ƙarfen ta ɓangarori da dama. Ɗaya daga cikin kayan haɗin nasa bai tsarkaka ba, akwai ragowar sinadarin katekol a ciki, kimanin kashi 10 cikin ɗari. Ya san da haka, ya ci gaba da aikinsa. Da aka gama, sai ga wani gurɓi mai danƙo, a cikinsa kuma ga wasu 'yan fararen zaruruwa masu sheƙi kamar siliki, waɗanda yawansu bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba.

A al'adar ɗakin gwaji, irin wannan abu wanke shi ake yi a zubar, tunda ba shi aka fita nema ba. Pedersen bai zubar ba. Ya lura cewa zaruruwan ba sa narkewa sosai a cikin metanol, amma da zarar an saka gishirin sodiyam sai su narke. Shekara talatin da ya yi yana kallon yadda sinadarai ke kama ƙarafa ita ta nuna masa cewa akwai magana a nan, domin masana sun ɗauka sodiyam ba ya yarda a kama shi ta wannan hanya. Da ya bi diddigi, sai ya gano abin zobe ne mai ƙwayoyin zarra 18, shida daga cikinsu na oksijin, dukansu suna fuskantar ramin da ke tsakiya. Ƙwayar sodiyam na faɗawa ramin, ƙwayoyin oksijin su riƙe ta ta kowane gefe. Sunan zoben a ƙa'idar masana ya yi tsawon da ba ya faɗuwa, shi kuma da ya dubi siffarsa sai ya ga ta yi kama da kambin sarauta a kan ƙwayar ƙarfen. Ya raɗa wa dangin suna kambi, sunan kuma ya bi su har yau.

Domin gane nauyin wannan, sai a dubi kanwar da ake kawowa kasuwannin Maiduguri daga yankin Tafkin Chadi. Sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, amma sunan da aka fi kiranta da shi a Turancin Najeriya na fotashiyam ne, wanda ya fi yawa a ruwan toka. Kamar da ke tsakanin sinadaran biyu ta kai haka. Amma jikin ɗan Adam ba ya ruɗewa: yana tara fotashiyam a cikin ƙwayoyin halittarsa, ya bar sodiyam a waje, kuma da wannan bambanci jijiyoyi ke aika saƙo, zuciya ke bugawa. Shi ya sa mai amai da gudawa ke galabaita, shi ya sa kuma ruwan gishiri da sukari na asibiti ke ɗauke da su duka biyun. Abin da jiki ke yi cikin sauƙi ya daɗe yana ba masana wuya. Pedersen ya nuna cewa girman rami ne mabuɗi. Zobe mai ƙwayoyi 12 ya fi dacewa da litiyam, mai 15 da sodiyam, mai 18 kuma da fotashiyam. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta.

Ya shafe shekaru yana haɗa irin waɗannan zobba shi da hannunsa, har a ƙarshe suka kai kimanin 60, ya kuma wallafa sakamakon bincikensa a 1967 a mujallar ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka. Bayan shekara biyu ya yi ritaya. Ya ɗan zauna a Landan tare da Mary Truter, wadda ta yi nazarin siffar zobban ta hanyar haskensu da hoton ƙashi, sannan ya koma gidansa a Salem da ke jihar Niyu Jasi, ya rungumi kamun kifi da lambu da kallon tsuntsaye.

Wasu ne suka ɗora daga inda ya tsaya. A 1969 Lehn, a birnin Strasbourg, ya mayar da zoben keji mai rufe ƙwayar ƙarfe ta kowace fuska, daga baya kuma ya sa wa fannin sunan da ke nufin kimiyyar abin da ya zarce sinadari guda, wato yadda sinadarai ke gane juna su haɗu ba tare da ɗaurin dindindin ba. Cram, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, ya kira shi kimiyyar baƙo da mai masauki. Batun ya kuma sake komawa kan zaburarwa, inda ya samo asali. Gishirin da ba ya narkewa a cikin mai, in aka sa masa kambi sai ya narke, ya yi aikin da a da ba ya yiwuwa. A yau ana amfani da dangin waɗannan zobba wajen auna wasu gishirai a cikin jini, da kuma tsamo sinadarin siziyam mai haɗari daga sharar nukiliya. Ƙananan injinan da ba su wuce girman sinadari ba, waɗanda suka jawo wa Jean-Pierre Sauvage da Fraser Stoddart da Bernard Feringa lambar Nobel a 2016, reshe ne na wannan bishiya, domin Sauvage almajirin Lehn ne, Stoddart kuma da zobban kambi ya yi yawancin gininsa.

Mai aikin gwamnati zai ga abin dubawa a wannan tarihi. A tsarinmu, takardar shaida ce ke yanke matakin da mutum zai tsaya, mai shekara 57 kuwa ana ƙirga masa kwanakin ritaya ne, ba a tambayarsa abin da ya gani. Pedersen a kusan waɗannan shekaru ya yi babban aikinsa, kuma ya yi shi ne saboda ma'aikatarsa ta auna shi da abin da ya iya, ta kuma bar shi ya bi sawun abin da ba ya cikin jadawalin aiki. Cibiyoyin bincike irin ta Tafkin Chadi da sassan kimiyya na Jami'ar Maiduguri ba za su rasa masu irin wannan ido ba. Abin tambaya shi ne ko masu tsara kasafi da masu rubuta wa shugabanni shawara a Abuja suna barin wuri ga binciken da ba a san ranar da zai biya ba.

Pedersen ya je Sitokholm ya karɓi lambarsa da kansa a watan Disamba na 1987, duk da ciwon daji da ke cinsa. Ya rasu a Salem ranar 26 ga Oktoba, 1989, yana da shekara 85. Ya bar maƙaloli 25 da takardun mallakar ƙirƙira 65.