Nana Asma'u: Malamar da ta damu da ciwon zuciyar matan karkara

An fi sanin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da waƙa da karantarwa, amma ba kasafai ake ambaton aikinta kan damuwa da firgicin talakawa ba.

An haife ta a Ɗegel a 1793. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta tashi cikin yaƙi da yunwa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Yaƙe-yaƙen jihadi sun bar zawarawa da marayu da matan da aka raba da garuruwansu. Da yawansu bori suka sani idan ciwon ƙwaƙwalwa ya kama, ga shi malamai sun haramta shi. Asma'u ta fahimci cewa hani ba ya warkar da kowa. A 1839 ta wallafa Tabshirul Ikhwan, inda ta tattara falalar surorin Alƙur'ani da ake karantawa don neman sauƙin tsoro da baƙin ciki da talauci da wahalar haihuwa.

Littafin Larabci ba zai isa ƙauye da kansa ba. Don haka ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa dattijai mata a matsayin jaji, ta ba su malfa. Su ke jagorantar mata zuwa wurinta, su koma gida da karatu cikin waƙoƙin da ke da sauƙin haddacewa. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Abin da ta yi ba ilimin likitancin zamani ba ne, amma giɓin da ta hango yana nan. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, an kuma sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, galibinsu a birane. Matan da 'yan bindiga suka koro daga Isa da Sabon Birni kuwa, su ne suka fi nisa da wannan kulawa, kuma gwamnati ce ke da alhakin kai ta inda suke.