Alhaji Alhassan Ɗantata, Attajirin Da Ya San Lokacin Sake Hanya

A wannan fitowa filinmu na tarihin magabata zai waiwayi marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah Ya ji ƙansa. Sunan dai ba wanda bai sani ba, amma in ka tambayi yaranmu da aka haifa nan kudu, iyaka su ce maka wani mai kuɗi ne a Kano. Mu kuwa da muke cin abinci a goro da shanu, ya kamata mu san yadda mutumin ya tafi da al'amarinsa, tunda hanyar da ta zaunar da iyayenmu a Ikko da Badun yana cikin waɗanda suka fara gane amfaninta.

An haife shi a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877. Gidansu Agalawa ne, fatauci gadonsu ne kaka da kakanni, mahaifinsa Abdullahi ma madugu ne. Sai dai gadon sana'a ya samu, ba na dukiya ba, domin uban ya rasu yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka, da aka raba abin da ya bari tsakanin 'ya'ya, rabon Alhassan bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara ta ƙasar Gana, ta bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga nan sunan Ɗantata ya samo asali. Ya yi karatun allo, yana kuma ɗan saye da sayarwa don ya ci da kansa. Da Yaƙin Basasar Kano ya ɓarke a 1893, Agalawa suka goyi bayan Sarki Tukur, aka ci su, har shi Alhassan ɗin aka kama, sai daga baya ya fanshi kansa.

To, a wancan zamani goro daga Gwanja ake ɗauko shi a ayari, a kan jakuna. Tafiya ce ta watanni, ga kuɗin fito a bakin Kwara, ga gaisuwar sarakunan hanya, ga 'yan fashi, ga dabbobi na mutuwa. Duk wanda ya taɓa riƙe goro ya san halinsa: in ba a buɗe ana tsincewa ana sake ganye ba, ɗaya ya lalace sai ya ja saura. Falke ya fita da rani, in ya yi sa'a ya juya jarinsa sau ɗaya a shekara. Haka iyaye suka yi, haka ake ganin 'ya'ya za su yi.

Alhassan ya duba abin ta wata fuska. Jirgin ƙasa ya haɗa Sakwandi da Kumasi a 1903, jiragen ruwa na zirga-zirga tsakanin gaɓar Gana da Ikko, ga kuma layin dogo ya tashi daga Ikko ya iso Badun tun 1901 yana ta yin arewa. Wajen 1906 sai ya fara ɗora kayansa a jirgin ruwa zuwa Ikko. A ido hanyar ta fi zagaye, kuma sai ka biya kuɗin jirgi tsaba, abin da tsofaffin fatake ba su saba ba. Amma shi ba nisan ya lissafa ba, kwanakin ya lissafa. Goron da ya iso da wuri bai yi asara ba, kuɗin da ya dawo da wuri kuma ya sake komawa saro. A ganinmu nan ne asalin arzikin, tun ba a fara zancen gyaɗa ba.

Dogo ya isa Kano a 1911. Turawa sun sa ran auduga za su kwasa zuwa masaƙun Ingila, sai manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, don ta fi kuɗi, ta biya haraji, in kasuwa ta ƙi kuma a ci abinta a gida. Kamfanonin Turawa na da kuɗi da sikeli a bakin tasha, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wa za a ba bashi ya dawo da shi ba. Wannan sanin kuwa yana hannun fataken goro, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Ɗantata ya riƙa sayo masa gyaɗa.

Abin da ya fifita shi a kan sauran shi ne mutane. Yana da yara da wakilai birjik cikin ƙauyuka, waɗanda ya san su ya san iyayensu. Tun kafin kaka yake ba su kuɗi a hannu, su kuma su ba manoma, saboda haka kafin wani ya zo da sikelinsa an riga an yi alkawarin amfanin gonar. Ba takarda, ba lauya, amana ce kawai da kuma sanin cewa wanda ya ci ta ya gama kasuwanci a Kano. Mu nan ba baƙon abu ba ne gare mu, don da irin wannan amanar fatoma ke sayar da shanun baƙonsa bashi ga mahauta, ya kuma tsaya a kan kuɗin. Bambancin dai shi ya faɗaɗa abin har ya game lardi guda. Buhunan da ke taruwa suna jiran jirgi su ne aka riƙa jerawa har suka zama dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita.

A 1929 aka haɗa Niger Company da wani kamfani aka sami UAC, ya zama babban mai sayo musu. A shekarar ce kuma Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 a reshen Bank of British West Africa na Kano. Mutane sun fi son wannan labari don daɗin faɗa, amma ku lura, lokacin attajirai binne kuɗi suke yi a tukunya. Shi da ke biyan wakilai a wurare masu nisa ya ga inda bankin zai yi masa rana.

Wani abin kuma, gyaɗa ba ta sa ya saki goro ba. Ya ci gaba da shi, ga shanu, ga tufafi, ga tsakiya da sauran kayan ado. Hakan ya yi masa amfani, domin Bature ne ke yanka farashin gyaɗa, kuma farkon shekarun 1930 farashin ya faɗi warwas. Mai ƙafa ɗaya a kasuwa ya ji jiki a lokacin. Muna faɗin haka ne don mun ga gidaje nan Sabo da ba su san komai ba sai kaya iri ɗaya, ranar da motocin suka sake hanya ko kasuwar ta tashi, shi ke nan.

Saura maganar da ta fi damun mu. Sau nawa maigida ya rasu a cikinmu, kafin arba'in an raba rumfa, an sayar da mota, wakilan arewa sun koma wajen wani? Ɗantata ya ɗanɗani wannan yana yaro, ya san abin da rabo ke yi wa jari. Da ciwo ya kama shi a 1955 ya tara 'ya'yansa da mai riƙe masa lissafi, ya yi musu wasiyya su ci gaba da harkar tare, kada su bari ta watse, su kuma riƙe zumunci. Gado hakki ne da Allah Ya yanka, kowa a ba shi nasa, amma ba abin da ya hana magada su bar rabonsu cikin jari ɗaya in sun yarda da juna.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari cikin birnin Kano, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya ci gaba a hannun ɗansa Ahmadu har ya rasu a 1960, sannan Aminu ya karɓa, wanda shi ma Allah Ya yi masa rasuwa a 2025. Wani ɗan nasa, Sanusi, shi ya haifi Hajiya Mariya, mahaifiyar Aliko Ɗangote. Allah Ya gafarta wa waɗanda suka riga mu, amin.